Yadda Salansa Ta Kusa Cinye Ƙafar Surukina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da ciwon nan kuma ya ɗauke shi. Sunana Garba, a Gusau nake zaune, kabu-kabu nake yi. Ni ba marubuci ba ne. Ina aji biyu na sakandare mahaifina ya rasu na ajiye littafi, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya dame ni. Na gaji ne da maimaita labarin nan a bakin tasha, kullum wani ya katse ni a tsakiya don fasinja ya zo. Duk mai ɗaukar dattijo a babur kan hanyar ƙauye ya kamata ya ji shi har ƙarshe.

Na yi shekaru ina aiki a masaƙa. Ranar da suka ga dama suka sallame mu, ko sannu babu. Da ɗan abin da aka ba ni na sayi tsohon babur, wanda ya riga ya sha wahala a hannun mutum biyu kafin ni. Sai aka ba mu jiha, aka ce Gusau ta zama babban birni. Manyan motoci suka cika gari, masu su ba su san sunan ƙauye ko ɗaya ba. Mu da ke bin hanyar Mada da Ruwan Bore, abin da muka sani bai canza ba: burji, tsakuwa, gargada, sai yashi.

Kowace irin hanya da yadda ake bin ta. A kan tsakuwa ba a taɓa birkin gaba, in ka taɓa ƙasa za ka sha. A gargada in ka tafi a hankali haƙoranka za su zube, gara ka ɗan ba shi wuta ya riƙa shawagi a sama. Yashi kuwa shi ne mugun. In ka shiga busasshen rafi, kan babur zai yi ta rawa a hannunka kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Ba a sassauta mai, ba a sauke ƙafa. Shi ya sa nake gaya wa kowane fasinja kafin mu shiga: ka matse babur da ƙafafunka, kada ka motsa. Kowa nake gaya wa haka, kuma haka na gaya wa Baffa.

Baffa shi ne mahaifin matata Dije. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. Bafillace ne, rugarsu tana can bayan Ruwan Bore, inda mota ba ta shiga. Dogo ne siriri, in ya tuɓe riga za ka ga tabon sharo a ƙirjinsa tun na samartaka. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa ganin ya sa loma a baki ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. In na je gaisuwa sai in tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa, shi yana kallon gabas ni ina kallon ƙasa, mu tambayi shanu da ruwa da gajiya, shi ke nan. Bai taɓa kiran sunana ba. In zance ya biyo ta kaina sai ya ce “mai babur”. Dije kuwa ita ce 'yar farinsa, don haka ita ko “mai babur” ba ta samu ba. “Waccan” yake ce mata. Duk da haka duk damina sai an aiko mana da man shanu a ƙwarya, ba a cewa daga wa.

A bazarar shekarar da man fetur ya yi wuya har motoci suna kwana a layi, Dije ta haifi namiji, na ce sunan Baffa za a sa masa. Babu motar da za ta ɗauko shi, 'ya'yansa maza duk sun yi kudu da shanu neman ciyawa. Na sayi mai a galan wurin 'yan bumburutu da tsadar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na tafi ɗauko shi da kaina. Bai taɓa hawa babur ba. Ya zagaya shi yana dubawa kamar baƙon sa, sannan ya yi bisimilla ya hau. Bai riƙe ni ba. Ƙarfen baya ya riƙe, ya ja jikinsa baya don kada ƙirjinsa ya taɓa bayana.

Da muka zo rafin da ke kafin Mada na ce, “Baffa, za mu shiga yashi. A matse babur da ƙafa sosai, kada a saki sai na ce.”

Ya ce, “To.”

Murfin da ke kare salansa ya daɗe da faɗuwa a hanya, kamar na kowane babur mai bin burji. 'Yan gari sun san su ɗan buɗe ƙafar dama ba sai an gaya musu ba. Baffa bai sani ba. An ce ya matse, ya matse. Muka fita daga yashin, ni kuma hankalina ya koma kan tsakuwa, ban ce a saki ba. Can na ji ƙauri kamar ana babbaka, na ɗauka mai ne ke ɗiga kan inji.

Na ce, “Baffa, lafiya dai?”

Ya ce, “Lafiya lau.”

Haka muka shigo Gusau. Ya sauka da kansa, ya gyara riga, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa ƙarƙashin rigar. Aka yi suna, aka raba goro, ya yi addu'a mai tsawo. Abinci bai ci ba, ba wanda ya yi mamaki, wa zai ci abinci a gidan suruki? Washegari ya ce ya sami motar 'yan kasuwa zuwa Mada, daga nan zai taka. Ya taka ɗin kuwa, da ƙafar da ta gasu.

An kusa mako biyu sai wata mai nono 'yar rugarsu ta shigo gidana. Ta gama barka, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, har ta miƙe za ta tafi sannan ta ce wa Dije, “Af, tsohon ku fa baya fita.” Haka suke ba da labari. Da rugar ce ta ƙone ma, sai ta kai bakin ƙofa za ta faɗa.

Na same shi kwance a bukka, ƙudaje sun cika wurin. Tun daga waje wari ya gaya mini abin da ake ciki. Surukata Inna, wadda idonta ya kusa tafiya, ita ta janye mayafin. A cikin ƙwaurinsa na dama, saman idon sawu, akwai rami kamar tafin hannuna, gefensa baƙi, tsakiyarsa wani ruwa-ruwa kore. An shafa man shanu, an barbaɗa toka, an manna gashin zomo, duk sun haɗe da naman. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Na ga siffar salansata a jikin mutum, a kwance, daidai yadda take.

Na manta da durƙuso. Na ce, “Baffa, don Allah me ya hana ka magana?”

Ya juya fuska ga bangon bukka ya ce wa matarsa, “Mai babur yana tuƙi. Ba a damun mai tuƙi.”

A amalanken shanu muka fito da shi zuwa Mada, daga nan akori-kura ta kawo mu Gusau. Nan fa masu shawara suka taso. Abokan sana'ata suka ce man birki, wai yana busar da ƙuna nan take. Wani ya ce baƙin mai. Wani ya ce man goge baki da ɗanyen ƙwai. Yayata Asabe ta taso tun daga Rawayya da ƙullin garin magani, ta tsaya tsakar gida tana faɗa.

“Mi za ka kai shi asibiti yi? Yanke mai ƙafa za su yi, su abin da sunka iya ke nan. Ka kai shi Tsafe, akwai mai maganin wuta can, tofi ɗaya yaka yi.”

Ba wanda ya ce zai bi ni ya riƙe masa ƙafa a mota. Shawara kowa yana da ita kyauta. Shi kansa Baffa da ya ji kalmar yankewa sai ya ce Tsafe, ni kuma ba na musu da shi. Muka tafi. Mai maganin dattijo ne mai tsafta, ba zan zage shi ba. Ya yi tofi, ya wanke da ruwan sassaƙe, ya sa mu kwana a zaurensa. Da ya ga bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya ƙaru, Baffa har yana kiran sunayen shanunsa, sai ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, wuta nake kashewa. Wannan ta riga ta mutu ta bar ruɓa, ruɓa kuwa ba aikina ba ne. Ka kai shi inda ake allura, yau.” Allah ya saka masa. Da maƙaryaci ne da a zaurensa za mu yi jana'iza. Amma mun yi asarar mako guda.

Asibitin ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya taɓa kwanciya ya san irinsa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin biya daban, kowanne kuma in ka kai gaba sai a ce mai wurin ya ɗan fita. Na goya Baffa daga wannan layi zuwa wancan, shi yana ta istigfari a bayana, ba don ciwo ba, don suruki ya goya shi a gaban jama'a. Komai saye ake: auduga, bandeji, safar hannu, ruwan wanke ciwo, allura, har da sirinjin. Rediyona ya tafi a makon farko. Daga baya aka sayar da karsanar Baffa a kasuwar Mada, muka ɓoye masa sai da ya warke.

Ɗakin maza ne, namiji ke zama da mara lafiya. Dije tana jego, ko ba ta jego ma ba zai yarda 'yar fari ta tsaya a kansa ba. 'Ya'yansa ba a san dajin da suke ba. Saura ni. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadonsa.

Kowace safiya wata nas doguwa mai faɗa take zuwa yin diresin, wato wanke ciwo da ɗaure shi. Ta zage ni tas ranar farko saboda gashin zomon nan, tana cire shi ɗaya-ɗaya da ɗan ƙarfe. Amma hannunta na da sauƙi, kuma ko ranar da ba ni da safar hannu ba ta tsallake gadonmu ba. In tana kankare mataccen naman, mazan da ke wasu gadaje har kuka suke in an zo kansu. Baffa sai dai ya kafa ido a rufi, zufa tana bin wuyansa.

A gadon da ke kusa akwai Malam Bukar, Babarbare mai sayar da kanwa, gajere mai ƙaton ciki da bakin da ba ya rufuwa. Shi ma babur ne ya kayar da shi a kan tsakuwa wajen Bungudu, ga ciwon suga, kafin mu zo an riga an cire masa ƙafar hagu. Ƙanensa Modu ke jinyarsa, magidanci mai shiru. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun ranar da aka kwantar da Baffa, Bukar ya ɗaga kai ya ce, “Alhamdu lillahi, an kawo mini bawana. Kai Bafillace, tashi ka yi mini fifita.”

Baffa da ko ni bai kalla ba tun safe, sai ga shi ya juyo. “Wa ya bar bawa ya hau gado ubangidansa na kusa? A sauke shi ƙasa.”

“Ka ji shi! Mutumin da babur ya gasa kamar tsire bai ce uffan ba. Da ni ne, da mutanen Sakkwato sun ji ihuna.”

“Ai shi ya sa ba a ba ku shanu. Da kuka za ku kore su.”

Ranar na fara jin dariyar surukina. Daga nan Bukar ya zama bakinmu. Ina zaune a gefen gado Baffa zai ce, “Bukar, ka ce wa mai babur a ɗaga mini filo.” Bukar ya juyo gare ni ya ce, “Mai babur, bawana ya ce wai ka iya gashi, saura yaji.”

Allurai suka sauke zazzaɓin, kumburin ya ragu, amma ramin bai cike ba. Baffa kuma ba ya cin abinci. Dije ta aiko da tuwo, ya dawo. Na sayo fura da nono, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Na san ba zai ci a gabana ba, don haka in na ajiye kwano sai in fita in zauna gindin dalbejiya har a yi la'asar. In dawo in tarar da kwano yadda na bar shi. Ruwa ma sai ya jiƙa leɓe kawai. Mutum ya riƙa narkewa a gado, tabon sharon nan ya fito kan ƙasusuwa.

Likitan yaro ne, ban jin ya kai ƙanena. Ya buɗe ciwon ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wa ke ciyar da shi?” Na fara yi masa bayanin cewa surukina ne, akwai kunya. Ya katse ni. “Ni ban san suruki ba, ƙafa na sani. Sabon nama daga abinci yake fitowa, ba daga kwalbar allura ba. Ƙwai, wake, nono, nama. In ramin nan bai fara yin ja ba, zan cire ta daga ƙasan gwiwa kafin ta kashe shi.” Na ji haushin yadda ya yi maganar, har yau ina ji. Amma gaskiya ya faɗa.

Bayan ya wuce Baffa ya ce, “Bukar, ka ce wa mai babur ya maida ni ruga. Makiyayi mai ƙafa ɗaya, wace saniya za ta jira shi? A bar ni in tafi da abata.”

Bukar bai isar da saƙon ba. Ya ce Modu ya tura shi waje a keken marasa lafiya, wai zai sha iska, ya yafito ni. A gindin dalbejiyar nan ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

“Kai wawa ne ko makaho? Kana tsammani tuwon matarka ne ba ya so? Tun da kuka zo, sau nawa ka kai masa fo?”

Na tsaya ina tunani. Fo shi ne kwanon da ake kai wa wanda ba ya iya tashi zuwa bayan gida. Ban taɓa kai masa ba. Bai taɓa nema ba.

Bukar ya ce, “Wanda ya ci sai ya fitar. Tsohon nan ya gwammace ya mutu da yunwa da mijin ɗiyarsa ya ɗauki kashinsa. Ina kwance kusa da shi, ina jin cikinsa yana kuka in an buɗe kwano.”

Na zauna a ƙasa. Ni da nake ganin na san Fulani.

Bukar ne ya kawo dabara. Muka yi musayar jinya. Modu zai riƙa kai wa Baffa fo, ya goge shi, ya yi masa wanka, ni kuma in yi wa Bukar. Da aka koma ciki Bukar ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji: “Jama'a ku shaida, yau Babarbare zai ɗauki kashin Bafillace. Ba don daraja ba, don kada bawana ya mutu in yi asara.” Baffa ya rufe fuska da mayafi, kafaɗunsa suna rawa. Tsakaninsa da abokin wasa babu kunya. Da yamma na dawo daga gindin bishiya na tarar da kwano fes, har an suɗe.

Ni kuma na ɗauki fo ɗin Bukar, kuma wallahi mutumin nan yana ci. Kullum sai ya ce, “A hankali mai babur, kada ka bi ta gargada.” Ban taɓa yi wa wani ƙato irin wannan hidima ba, ban kuma taɓa yin aikin da raina ya yi fari da shi kamar wannan ba. Gefen ramin ya fara canza launi. Nas ta ce, “To, tsoho ya fara hankali.”

Sai aka sallami Bukar. Dungulminsa ya warke, gado kuma ana nema. Ranar da za su tafi ya sa Modu ya tsayar da keken a gefen Baffa, ya kama hannunsa ya ce, “Dubi nan.” Ya ɗage zane ya nuna masa inda ƙafarsa ta ƙare. “Ni kanwa nake sayarwa, a zaune ma zan iya. Kai fa? Ka ci abinci, Bafillacen banza.” Baffa ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, bawa.” Ya daɗe bai saki hannun ba.

Wanda aka kawo gadon Bukar yaro ne da mahaifinsa, baƙi, ba ruwansu da kowa. Kwano ya koma dawowa a cike. Na nemi mai shara in riƙa biyansa ya yi aikin, ya yi kwana biyu ya daina zuwa. Jan da ya fara fitowa ya dushe. Likita ya zo zagaye, ya duba, ya ce wa nas a sa sunansa cikin masu shiga tiyata mako mai zuwa, in babu canji. Ko kallona bai yi ba.

Ranar da azahar na kawo wake da ƙwai da nono, na ajiye. Ban fita ba. Na jawo kujera na zauna daidai fuskarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na san shi. Ya juya ga bango. Na yi magana da bayan kansa.

“Baffa, yau zan yi rashin kunya, a yafe mini. Bukar ya tafi, ba mai kai saƙo. Na san abin da ya hana ka ci. To ka saurara. In aka yanke ƙafar nan, ba mutuwa za ka yi ba, likita ya iya aikinsa. Rayuwa za ka yi. Ruga ba za ta riƙe ka ba, Inna ba ta gani, samari suna bin shanu. Gidana za a kawo ka. Wa kake jin zai riƙa kai ka bayan gida? Ni ne. Ni da waccan. Ba mako biyu ba, har ranar da Allah zai karɓi ranka, safe da yamma. Saboda haka fo ɗin nan sai na ɗauke shi, ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage maka ka zaɓa, na ɗan kwanaki ko na shekaru.”

Na ji kamar na zagi ubana. Baffa bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ƙafar na rasa surukin.

Can ya ce wa bango, “A juya baya.”

Na juya kujerar. Na ji ƙarar murfin kwano. Na ji cokali. Ina kallon taga, hawaye yana zuba mini kamar wani yaro, ba damar sharewa don kada ya gane.

Washegari da safe ya ce wa bango, “A kawo abin nan.” Na rataya babbar rigata a jikin ƙarfen ƙarin ruwa ta zama labule, na miƙa ta ƙasa, na karɓa ta ƙasa. Ba wanda ya kalli wani. Haka muka yi ta yi. Ba mu taɓa zancen ba, ba kuma za mu yi ba, kuma duk wanda ya karanta wannan ya je ya tayar masa da maganar, ni da shi ne.

Ranar da za a shiga da shi tiyata, likita ya buɗe bandeji. Ramin ya yi ja kamar cikin kankana. Ya danna gefe, jini ya fito, ya ce, “Yawwa. Wannan nake nema.” Ya ce a cire sunansa. Ya dube ni karo na farko ya ce, “Me ka yi masa?” Na ce, “Rashin kunya.” Ya ce, “Ka ci gaba.”

Sai da muka ƙara makonni kafin fata ta rufe. Ƙafar ta ɗan shanye, akwai tabo mai sheƙi, yana ɗingishi kaɗan, amma tasa ce. Yaya Asabe ta zo dubiya ta ce ai tofin Tsafe ne ya yi aiki daga baya.

Ga abin da nake so 'yan uwana masu babur su riƙe. Ku sa wa salansa murfi, ko na katako ne. In kun ɗauki tsoho ko baƙon babur, ku sauka ku kama ƙafarsa da hannunku ku nuna masa inda zai ajiye ta. In kun ce a matse, ku tuna ku ce a saki. In kun ji ƙauri ku tsaya ku duba da idonku, “lafiya lau” ɗin dattijo ba shaida ba ce. Ƙuna kuma ruwa mai tsafta da asibiti, ba man birki ba. Masu jinya kuma, in mara lafiya ya ƙi abinci, ku bincika ko ba abincin yake gudu ba. Malam Bukar da Modu, ban san inda kuke ba, na nemi rumfar kanwarku ban samu ba. Allah ya biya ku. Nas mai faɗa, ke ma haka.

Ruwan farko ya sauka kafin a sallame mu. Na ce zan nemi mota zuwa Mada, a kawo amalanke. Baffa ya ce wa ƙofa, “Babur ɗin ya lalace ne?” Na kai shi wurin mai walda aka yi wa salansa murfi, na ƙara ɗaure katako a kai. Ranar tafiya, a ƙofar gidana, na durƙusa na ɗora ƙafarsa a mazauninta da hannuna. Dije ta fito da jariri ta tsaya daga nesa. Bai kalle ta ba, amma ya miƙa hannu aka ba shi takwaransa, ya tofa masa addu'a a ka, ya ce, “A gaya wa waccan tuwonta ya yi gishiri.” Dije ta koma ɗaki tana kuka da dariya, wai ashe ya san ita ke dafawa.

Burjin ya jiƙe ya kwanta, ƙasa tana ƙamshi, manoma sun fito shuka. Na bi a hankali saboda santsi. Muka wuce Mada, muka gangara rafin nan. Yashin ya sha ruwa ya yi tauri, babur ya wuce ko rawa bai yi ba. Muna hawa gangaren sai na ji an kama rigata ta baya, an ja.

“Garba.”

Saura kaɗan in taɓa birkin gaba a kan tsakuwa. Na tsaya, na diro, na kai hannu kan salansa, na kama ƙafarsa ina dubawa. Katakon ko ɗumi bai yi ba.

“Baffa, zafi ne? Ina ne?”

Yana kallon gabas, kamar kullum.

“Ba zafi. Fitsari nake ji. Riƙe ni in sauka.”

Na riƙe shi.